Karya Mai Tabo a Wuya

Shekarar da aka bar mata su fara tuƙa mota a ƙasar nan, ita ce shekarar da na karɓi riƙon karyar da ke kwance a bakin ƙofata yanzu. Ba na mantawa, domin mace ta farko da na gani da idona tana riƙe da sitiyari ita ce ta kawo mini ita, ana tsakiyar zafi, tsakanin ƙaramar Salla da babba.

Lokacin ina gadin wani sito a Riyadh, a Birnin Masana'antu na Biyu, wanda mu muke ce wa Sana'iyya. Har yanzu nan nake. Sito ne na tayil da kayan banɗaki. Aikina in buɗe ƙofa in rufe, in ga tirela ta shiga, in ga ta fita, in share haraba da safe. Ɗakina kwantena ce a gefen ƙofa, an yanka mata taga an sa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke ɗigar da ruwa ta baya har ƙasar wurin ba ta bushewa. Mu biyar ne Hausawa a layinmu. Saboda sanyin ɗakina, a nan muke haɗuwa mu ci abincin rana a faranti ɗaya. Wanda muka fi shaƙuwa da shi mutumin Damagaram ne, mai tuƙa injin ɗaga kaya. Ni kuwa daga ƙasar Kano nake, saboda haka ba ma gaisawa sai da tsokana. Yana ce mini Bakano, ina ce masa Badamagare, har Indiyawan sito suka ɗauka sunayenmu ke nan.

Karnuka suna da yawa a Sana'iyya, masu dogayen ƙafafu, launin ƙasa, babu mai su. Wannan ta fita daban ne saboda yadda take riƙe kanta a karkace, kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. Ranar da ta matso kusa na ji wari, sannan na ga dalili. Wani ya ɗaura mata wayar ƙarfe a wuya tun tana 'yar kwikwiyo. Ta girma, ƙarfen bai girma ba, ya nutse cikin nama. A ƙarshen layinmu akwai fili da aka yar da tsohuwar gangar tirela marar tayoyi, a ƙarƙashinta take kwana. Na yanke jarka na riƙa kai mata ruwa safe da yamma. Ba ta taɓa sha ina tsaye ba.

Wata ranar Asabar wata farar mota ta tsaya kusa da ƙofarmu, ta hau kan dutsen gefen hanya da taya ɗaya. Mace ce ta fito, matashiya, da buhun abincin karnuka a hannu. Tana cikin masu zagayawa suna ciyar da dabbobin titi, kuma likitar dabbobi ce. Daga ranar Daktora nake ce mata, ita kuma tana ce mini ya ammi, wato baffa. Da guntun Larabcina na kai ta filin na nuna mata. Ta daɗe a durƙushe tana leƙe. Washegari ta dawo da kejin ƙarfe mai ƙofar da ke faɗowa, aka sa kaza a ciki, kafin La'asar an tafi da karyar.

Na ɗauka shi ke nan. Na ɗauke jarkata na wanke.

Bayan mako biyar farar motar ta dawo. Daktora ta ce an cire ƙarfen, ciwon ya rufe, an yi mata allurai, an yi mata aikin da ba za ta haihu ba. Amma babu mai so. Masu zuwa neman kare ƙanana suke so, farare masu gashi. Wannan in ba ta samu gida ba, za a kai ta wata gona a bayan gari inda suke tara irinta, kowanne a kejinsa, kuma wanda ya shiga can yawanci can yake tsufa.

"Kai ka fara ba ta ruwa, ya ammi," in ji ta. "Za ka riƙe ta?"

 Na nemi izinin kafilina, wato ubangidana mai sito. Ya ce kare na gadi babu laifi, amma kada ya kusanci ofis. Na gaya wa mutanenmu a bakin faranti. Badamagare ne kawai ya tanka.

"Shekara goma sha ɗaya kana Riyadh ba ka kawo matarka ba, sai karya za ka yi wa iƙama, takardar zama?"

"Ita ba ta cin shinkafar kabsa faranti guda kamar wani."

"Allah ya sa ta iya gadi. Ko ka samu ka riƙa barcinka da hujja."

Na yi mata ɗaki a bayan kwantena, wurin da ruwan mukayyif ke ɗiga. Na haɗa katakon da ake jera tayil a kai, na rufa da tsohon tamfol, na shimfiɗa bargon da nake rufa da shi lokacin sanyi. Kwana biyu ina gyara, ina sake gyarawa. Na lura ina ta ƙananan waƙoƙi, abin da na daɗe ban yi ba.

Ranar Juma'a da safe aka kawo ta. Ta yi ƙiba kaɗan, gashinta ya kwanta. A wuyanta akwai zobe na fata tsirara, ja-ja, inda gashi bai fito ba. Daktora ta ajiye kejin a cikin ɗakin da na yi, ta buɗe ƙofarsa, ta ce a bar shi a buɗe. Ta ce za ta dawo Juma'a ta biyu. In ta tarar tana ci, ta saki jiki, to ta zama tawa. In ba haka ba, za ta tafi da ita gona. Ta miƙo takarda na dangwala yatsa, domin a lokacin ban san boko ba, sai daga baya na fara zuwa ajin manya a unguwar Al-Suwaidi. Amma ba zan fake da rashin karatu ba. Da baki ta faɗa mini, har sau uku, tana nuna wuyanta da hannu: kada igiya, kada sarƙa, kada komai ya taɓa wuyan nan. Na gane sarai.

Na ce, "Tayyib," wato to.

Zaman ƙasar nan ya koya mini wannan kalmar. Kafili ya yi magana, tayyib. Direba ya yi faɗa, tayyib. Baki yana faɗa, a ciki kuwa kana tsara yadda za ka yi aikin ta hanyar da ka sani. Ni kuma a ganina na san kare. Mahaifina mafarauci ne, a gidanmu ba a rasa karnuka uku ko huɗu. Duk sabon kare da ya shigo, sai ya ɗaure shi a turke a bakin zaure kwana bakwai. Zai yi kuka, ya yi ta fizga, ya ƙi abinci. A kwana na uku ya saduda ya ci. A na bakwai a kwance shi, kuma daga nan ko kasuwar wani gari aka bar shi sai ya dawo gida. Na ga an yi haka ya fi sau goma. Na ce a raina, yarinyar nan ta san magani, amma yadda ake sa kare ya san gida sai mu. Ga kuma ƙofarmu da ke buɗe wa tirela wuni guda. Tsoro nake ji ta fita a take ta.

Da motar ta ɓace na samo igiyar nailan, na naɗe ta da tsohon rawani don ta yi laushi. Na kafa bututun ƙarfe a gefen ɗakinta. Tana maƙure a kusurwar keji na zura hannu na sa mata, sako-sako, sama da tabon. Ba ta yi haushi ba, ba ta kai cizo ba. Fitsari kawai ta saki, jikinta yana rawa. Na gani. Na ce baƙunta ce.

Ranar farko ba ta ci ba. Ta fito daga keji iya tsawon igiyar, da ta ji ta ja ta, sai ta tsaya cak. Haka ta tsaya, ba ta zauna ba, ba ta kwanta ba.

"Bakano, baƙuwarka ta ƙi shinkafa," in ji Badamagare. "Ko sai an aiko mata da tuwon dawa daga garinku?"

"Kunya take ji. Ba irinku ba ce, da kuke shiga gidan mutum ku fara gaida tukunya."

Rana ta biyu ya sauko daga injinsa ya tsaya yana kallonta, babu dariya a fuskarsa.

"Yau ba wasa nake ba. Dubi idonta. Ba ta ko ƙiftawa."

"Gobe za ta ci. Kwana uku ne."

"Wa ya ce?"

"Babana."

"Allah ya jiƙan baba. Amma ya taɓa zuwa Sana'iyya?"

Ban kwance ta ba. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ni ma na yarda da su, sai na ɗauka wannan ma haƙuri yake bukata.

Rana ta uku, Lahadi, muka tafi sallar Azahar a masallacin layin baya. A irin wannan lokacin na zafi ba a aikin waje da tsakar rana, haraba takan yi tsit, kwalta kuwa in ka taka da silifa mai siririn ƙasa sai ka ji a ƙafarka. Na bar ƙaramar ƙofa a sakaye kamar kullum. Da na dawo na leƙa bayan kwantena. Guntun igiya na lilo a jikin bututu, a tattaune, rawanin ya jiƙe da jini. A ƙasa na tsinci haƙori, dogo, fiƙa. Da ta kasa tsinka igiyar ta tsakiya, sai ta koma gatsar ƙullin da ke jikin ƙarfen.

Na bar wa mai kula da sito makulli, muka fita ni da Badamagare. Ba mu sha wahalar nema ba. Ɗigon jini ya bi gefen hanya har filin nan, har ƙarƙashin tsohuwar tirela. Na kwanta rubda ciki na leƙa. Tana can ƙurya, sauran igiyar ta zame ta faɗi a hanya. Bakinta ya kumbura. Tana lasar ƙafafunta na gaba, kuma ko daga nesa na ga fatar tafin ta saluɓe. A kan kwaltar Azahar ta yi gudu.

Na kira ta da irin tsakin da ake kiran kare a garinmu. Ta ƙara matsawa ciki.

Badamagare ya tsuguna kusa da ni. "Kada ka kira matar nan," ya ce a hankali. "In ta ga haka yau za ta ɗauke ta. Ka lallaɓa ta dawo. Saura kwana goma sha biyu, kafin nan ta warke. Haƙori kuwa ka ce ƙashi ta gatsa."

Da wannan shawarar na shiga sallar La'asar, ban san abin da na karanta ba. Da na sallame na tuna ƙafafun nan a cikin datti da tsatsa. Na kira Daktora.

Kafin rana ta faɗi ta iso. Ba ta gaishe ni ba. Ta durƙusa da abayarta a cikin ƙura, ta haska da fitilar salula, ta daɗe. Da ta miƙe sai ta dube ni.

"Ya ammi, me na ce maka?"

"Kin ce kada in ɗaure."

"To?"

"Na ɗaure."

"Ba ka gane maganata ba ne?"

"Na gane."

Ta juya baya, ta tafi wajen mota, ta dawo. Yarinyar ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari da yawa ba, amma ban iya ɗaga ido ba. Ta ce mako biyar tana zama a ƙasa kusa da kejin karyar nan, tana koya mata cewa hannun mutum ba kullum wuya yake nema ba. Ta ce a makon ƙarshe har ta fara bari a shafa mata wurin tabon. Na ba ta labarin mahaifina da turkensa, ba don in wanke kaina ba, sai don kada ta ɗauka mugunta ce.

Ta saurara har na gama. "Karnukan babanka," ta ce, "akwai wanda aka taɓa shaƙewa da ƙarfe shekara guda?"

"Babu."

Ta buɗe bayan mota ta fara jawo kejin tarko. Na je na tsaya a gabanta, abin da ban taɓa yi wa ɗan ƙasa ba tun zuwana.

"Daktora, ki bar ta zuwa Juma'ar da kika sa. Laifina ne, ba nata ba. In kika kai ta gona, ita za ta zauna a keji saboda abin da ni na yi."

"Ba za ta ƙara zuwa wurinka ba."

"In ba ta zo ba, ni zan taya ki sa kazar a tarko."

Ta sake leƙa ƙarƙashin tirelar. Daga baya ta ce kama ta da tarko a wannan halin ma wani ciwon ne. Ta ba ni ƙwayoyi, ta nuna mini yadda zan daka in sa a abinci, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ta ce in na ga ƙafar ta kumbura ko ta fara wari, in kira ta take. Sharaɗin bai canja ba: ranar Juma'a ta tarar da ita a cikin haraba, da ƙafarta ta shiga, kuma tana ci.

Daga washegari na tsara kwanakina. Bayan sallar Asuba, gari ya fara haske, in tafi filin da ruwa da abinci. Bayan La'asar in koma. In shimfiɗa kwali nesa da tirelar kaɗan, in zauna in ba ta gefe, ba na kallonta. Na kai mata burodin tamis da aka jiƙa da romo. Bayan na tafi ta ɗauka, amma da na dawo na tarar ta zubar, bakin ba ya iya taunawa. Sai na tuna yadda mahaifiyata ke tauna wa ƙannena nama kafin su yi haƙora. Na riƙa tauna tamis da ɗan naman kaza a bakina har ya yi laushi, in sa a murfin roba, in barbaɗa maganin, in tura da sanda. Rana ta biyu na tarar da murfin an lashe shi tas.

Zama shiru yana da wuya, sai na riƙa yi mata magana da Hausa. Na ba ta labarin rijiyar gidanmu da ba ta ƙafewa, da 'yata ta biyu da aka yaye ba na nan, da yadda na ji ranar da na fara ganin Riyadh daga tagar bas. Abubuwan da ban faɗa wa mutanen faranti ba. Ba na ce ta gane ba. Amma a rana ta uku ta ci ina zaune, kunnenta ɗaya yana fuskantata.

Daga nan na fara matsar da murfin. Kowace safiya taku ashirin zuwa wajen ƙofarmu, tun ƙasa ba ta ɗau zafi ba. Tana fitowa tana ɗingishi, ta ci, ta koma. Wata safiya na zo na tarar an shimfiɗa yagaggun kwalaye a gefen hanya, jere, tun daga filin har kusa da ƙofa, an danne su da fasassun tayil. A tsakiyar hanya kuma an jingina katako biyu sun yi 'yar rumfa. Badamagare yana kan injinsa yana shan shayi kamar bai san komai ba.

"Kada ka ɗauka don kai na yi," ya ce. "Don ita na yi. Baiwar Allah ta faɗa hannun Bakano, dole a tausaya mata."

Ranar Asabar ta kai 'yar rumfar, har ta kwanta a ciki. Ranar Lahadi wani direban tirela ya danna ƙaho daidai kanta, ta zabura ta koma ƙarƙashin gangarta, ba ta fito ba har yamma ta gaba. Muka koma farko. Ranar na zauna a kan kwali ina ƙirga kwanaki. Saura kwana huɗu. Na ƙara takun ya zama arba'in, ina tsoron kada in yi gaggawa, ina tsoron kada in makara.

Laraba da safe ta iso bakin ƙofa. Na sa murfin taku uku a cikin haraba, na koma gefe na zauna. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, ta tsaya. Ba murfin take kallo ba. Na bi idonta, sai ga bututun ƙarfen nan a bayan kwantena, guntun igiya na nan rataye a jikinsa. Kwana goma ina wucewa ta gabansa ban cire ba. Kunya ta kama ni. Ta juya ta koma rumfarta.

Na yanke igiyar na jefa a shara. Bututun ya ƙi fita, na buga shi da ƙarfi ranar da na kafa. Badamagare ya kawo injinsa ya zare shi kamar ana cire ƙaya, ya kai shi can bayan sito. Na cike ramin, na wanke wurin, na fitar da kejin ma daga ɗakinta na bar bargo kawai.

Alhamis da hantsi ina rubuta lambar wata tirela a allon ƙofa, domin lambobi kam na iya tun can, sai na ga direban yana kallon bayana. Ban juya ba sai da ya wuce. Ta shiga. Tana tsaye a bayan kwantena tana lasar ruwan mukayyif daga ƙasa. Ta zagaya wurin da bututun yake da, ta shinshina, ta sake zagayawa. Sannan ta kwanta a kan danshin, ba a kan bargona ba, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Na bar ƙaramar ƙofa a buɗe wuni guda don ta san za ta iya fita. Ba ta fita ba.

Juma'a na yi wanka da wuri na sa farar rigata, ita kaɗai ce ta zuwa masallaci. Mutanenmu huɗu suka taru a bakin ƙofa muna jiran motar da ke kai mu. Daktora ta riga motar isowa. Da karyar ta ji ƙarar injin da ya taɓa ɗauke ta, sai ta fito daga bayan kwantena. Na ɗauka guduwa za ta yi, ƙofa a buɗe take. Ta zo da ɗingishinta ta zagaya bayana, ta manna jikinta a ƙafafuna, ta cusa baki a cikin rigar. Ina jin rawar jikinta a gwiwata. Tun da na san ta, wannan ne karon farko da ta taɓa ni da kanta.

"Malam, riga!" in ji babbanmu, wani dattijo mutumin Maradi. "Yawunta fa! Kore ta, ga mota nan tafe."

Na duba. Yawu da ɗan jini-jini sun ɓata gefen rigar. Na san in na ɗaga ƙafa ko na daka tsawa, ba za ta ƙara yi ba. Na tsaya yadda nake.

"Ku tafi, Alhaji. Ku sa ni a addu'a."

Motar ta zo ta tafi da su. Badamagare ne ya shiga ƙarshe, yana leƙowa ta taga yana girgiza kai.

Daktora ba ta matso da sauri ba. Ta zauna a ƙasa, ta ce in sa mata abinci. Na tauna tamis a gabanta, kunya ko babu, na sa a tafin hannuna. Karyar ta ci. Tana jingine da ni Daktora ta ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ta duba, ta shafa magani, ta leƙa bakin. Ta kai hannu wajen wuya, karyar ta ƙame, ta janye hannun.  Sannan ta tashi ta ɗauki kejin da na jingine a bango ta sa a mota.

"Halas, shi ke nan, ya ammi. Taka ce."

Na wanke rigar sau bakwai, na yi Azahar ni kaɗai a ɗaki.

Washegari da rana mutum uku ne a bakin faranti. Dattijon da wani ɗan garinsu suka aiko cewa za su riƙa ci a wajen aikinsu. Ba mu yi faɗa ba, har yau muna gaisawa. Abin da malamanmu na gida suka koya mana game da kare da abin da ake faɗa a masallatan nan ba ɗaya ba ne, ni kuma ba ni da ilimin yin gardama. Ba ta taɓa shiga ɗakina ba, amma sun ga na ba ta abinci da hannun da nake sa wa a faranti, kuma ban ga laifinsu ba. Badamagare ya zauna. Sai dai kullum kafin in sa hannu sai ya riƙe buta da kansa yana zuba mini ruwa yana ƙirgawa da ƙarfi, in ya kai bakwai ya ce, "Ƙara ɗaya, na Kanawa."

Yanzu ta tsufa, gashin bakinta ya yi fari. Ba ta taɓa fita ta wuce 'yar rumfar nan ba, ko da ƙofa ta wuni a buɗe. In baƙuwar mota ta tsaya, haushi biyu take yi ta dube ni.

Abin da aka rasa, in na ƙidaya: fiƙarta ɗaya da rabin haƙorin da ke kusa da ita. Fatar tafin ƙafafunta biyu na gaba, wadda ta fito sabuwa amma siririya, har yau ba ta taka kwalta in hantsi ya wuce. Sallar Juma'a ɗaya. Farar riga ɗaya, domin tabon bai fita ba. Mutum biyu a bakin faranti. Sai wuyanta, da ba ta ƙara barin kowa ya shafa ba, har ni.